Yadda zaka shigo da baƙo ajinka ta kiran bidiyo ba tare da ka sha kunya gaban ɗalibai ba

Ranar da na fara gwada wannan abu a ajina na SS2, minti 25 muka ɓata muna "kina jinmu?" "kuna jina?". Baƙuwar tamu tsohuwar ɗalibar makarantar ce da take aikin jinya a Ingila, a wajen aiki ta kwana amma ta haƙura da bacci don ta yi wa ƙannenta bayanin yadda jini ke zagayawa a jiki. Hotonta ras a bango yara sai murna suke, amma magana babu, in maganar ta zo kuma sai wata ƙara ta tashi irin ta lasifikar masallaci idan ladan ya matso da makirfo kusa da ita. Kafin mu gano bakin zaren an buga ƙararrawa. Wallahi ranar ko ofishin malamai ban iya zama ba.

Daga nan na yi ta yi, wani ya yi kyau wani ya watse, kuma duk wanda ya watse in ka bincika ɗaya ne cikin uku: sauti, wuta, ko yaran basu san me aka tara su su yi ba. Hoto shi ne na ƙarshe a abun da zai dame ka. Yara za su jure hoto mai dishi-dishi har a tashi, amma in murya tana yankewa minti 2 ya isa bayan aji ya koma kasuwa. To ga yadda nake shiryawa yanzu, malam ko malama duk mai son gwadawa.

Kafin ka taɓa kwamfuta

Ka fara tambayar kanka me wannan kiran zai kawo wanda kai da alli baza ku iya ba. In babu amsa ka bar shi, ka yi darasinka yadda ka saba. Inda yake da amfani sosai shi ne irin makarantar da bata da malamin Fiziks ga WAEC ta matso, sai malamin wani reshe ya ɗauki aji biyu lokaci ɗaya, ko likita ko injiniya ɗan garin da yake nesa ya yi wa yara magana da Hausarsu, ko ajinka su gaisa da wani aji a Maradi ko Kumasi su ji yadda ake karatu a can, ko a Islamiyya wani gwani ya saurari karatun yara ya gyara musu tajwidi. Wannan ba irin na 2020 bane lokacin korona da aka rufe makarantu a watan Maris kowane yaro yana gida yana jiran babansa ya dawo ya ara masa waya. A nan yara suna aji, kai kana tsaye a gabansu, na'ura ɗaya ce data ɗaya ce, shi ya sa ko makarantar da bata da ƙarfi zata iya.

Sai izini. Ka sanar da shugaban makaranta ko mai makaranta tun da wuri, ka faɗa masa wane ne baƙon kuma me zai ce. Iyaye ma a aika musu takarda ko a sa a guruf ɗinsu. Kar ka raina wannan, akwai iyayen da basa son a nuna fuskar 'yarsu ga wani baƙo kuma haƙƙinsu ne, sannan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce bayanan yaro sai da yardar iyaye ko mariƙinsa, hoto da murya kuwa bayanai ne. Wanda iyayensa suka ƙi ba korarsa za a yi daga aji ba, a gefen da kyamara bata kaiwa zai zauna, yana gani yana ji.

Wace manhaja

Kar ka wahalar da kanka. Zoom na kyauta yana ɗaukar mutum 100 amma minti 40 yake yankewa, kuma yana fara ƙirga ne tun ana gaisawa da gyare-gyare ba sai darasi ya kankama ba, kaga in fiiriyod ɗinka minti 40 ne to a tsakiyar tambayoyi zai katse. In hakan ta faru kowa ya sake danna link ɗin a dawo, amma ka gaya wa baƙon tun farko kar ya zata korarsa aka yi. Google Meet na kyauta yana ba da awa ɗaya idan kun kai mutum uku, idan ku biyu ne kawai ya wuce haka nesa ba kusa ba, kuma a kwamfuta ba sai ka sauke komai ba, a Chrome yake buɗewa in dai kana da Gmail. Ni shi na fi amfani da shi. WhatsApp yana ɗaukar har mutum 32 kuma kowa ya iya shi, shi nake ajiyewa a matsayin na ko-ta-kwana. Masu tambayar Skype, an rufe shi tun watan Mayun 2025.

Link ɗin baƙo kaɗai zaka tura wa, kai tsaye. Kar a sa shi a sitatus ko a Facebook wai don a nuna makaranta ta ci gaba, a 2020 ɗin nan an sha fama da 'yan iska masu faɗowa cikin darasin mutane suna nuna abun da bai kamata ba. A Zoom ka kunna ɗakin jira, babu mai shigowa sai ka buɗe masa, Meet ma yana tambayarka kafin ya shigo da wanda ba a gayyata ba.

Sabis, data da wuta

Gwajin sabis a cikin ajin ake yi, ba a ofishin firinsifal ba, kuma a irin lokacin da za a yi kiran, don sabis ɗin ƙarfe 8 na safe daban da na ƙarfe 12. Ka buɗe fast.com a waya, ka bari ya gama, ka danna wajen ƙarin bayani ka ga har gudun turawa ba na saukewa kaɗai ba, don da shi hotonku da muryarku suke tafiya wajen baƙo. In duka biyun sun kai 2 Mbps (ma'aunin gudun da shafin yake nunawa) zuwa sama kuma basa rawa, zaka iya. Ka gwada layi biyu, MTN da Airtel ko Glo ko duk wanda yake da ƙarfi a unguwarku, wani lokacin bambancin bakin taga da tsakiyar aji kamar bambancin gari da gari ne.

In kana da ƙaramar na'urar waifai ta aljihu ita ta fi. In hotsifot na waya zaka yi to ka nemi layin da ba a cika kira ba, don a wayoyi da yawa da zarar kira ya shigo data sai ta tsaya ko ta ja baya, kana tsaka da darasi uwargida ta kira tana tambayar kuɗin cefane shikenan baƙo ya daskare a bango baki buɗe. Haɗa wayar da laftof da igiyar caji ya fi waifai tsayawa, ga shi wayar tana caji a lokacin.

Data kuwa, kiran mutum biyu yana cin wajen rabin giga zuwa giga ɗaya a awa, ya danganta da kyan hoton. Ka sayi giga 2 hankalinka ya kwanta. Ka kashe HD a saitin bidiyo na Zoom, a Meet ka sauke hoton zuwa 360p. Sannan abun da yake cinye data a ɓoye: Windows da zarar ta ji intanet sai ta fara sabunta kanta, a saitin waifai akwai inda zaka nuna mata cewa datar nan a ƙirge take, ka kunna shi. Ka rufe duk wani shafi da ba a buƙata, kuma kar ka ba malamai lambar sirrin hotsifot ɗin ranar, ko da abokinka ne.

Wuta: ka ɗauka za a ɗauke. Laftof a cike, waya a cike, sifika a cike, fawa banki a aljihu. Majigi ko talabijin ne kawai zai buƙaci inbata ko janareto, in janareto ne a kai shi can bayan gini da doguwar waya, don makirfo bai san bambancin muryar yaro da ƙarar inji ba.

Sauti, nan ake faɗuwa

Na'ura ɗaya ce tak zata shiga kiran daga cikin ajin. Ɗaya. Abun da ya kashe mana darasin farko kenan, malamai biyu sun shiga ta wayoyinsu daga bayan aji wai su ma su gani da kyau, muryar baƙuwa ta fito daga sifika ta shiga wayoyinsu ta koma ta sake fitowa, haka ta yi ta zagaye har ta zama kuwwa. In dole sai wata waya ta shiga, misali don ta nuna allo, to a kashe mata makirfo kuma a cire ta daga sautin gaba ɗaya.

Sifikar jikin laftof bata isa ajin mutum 50 ko 60 ba, ko layi na uku baza ta kai ba. Ka nemo sifika mai caji irin wadda ake wa'azi ko talla da ita, ka haɗa da igiya in tana da wajen, don Bluetooth yana kawo ɗan jinkiri kuma wani lokacin sai ya koma kan wayar wani da ya taɓa haɗawa da ita, kana jiran baƙo sai ka ji waƙar biki. Ka ajiye sifikar tana kallon yara, nesa kaɗan da laftof, kar bakinta ya kalli makirfo.

Ga wani tarko da ya kama mutane da yawa. Igiyar HDMI da ake haɗa laftof da majigi hoto da sauti take ɗauka tare, da zarar ka soka ta sai kwamfuta ta tura sautin cikin majigi, majigin kuma ko bashi da sifika ko tasa kamar ta ƙaramar rediyo ce. Sai ka ga bakin baƙo yana motsi shiru kake ji. Ka je alamar makirfo a cikin manhajar, akwai 'yar kibiya kusa da ita, ka zaɓi sifikar da kake so da hannunka. Tsohuwar igiya mai shuɗin kai, VGA, ita bata ɗaukar sauti sam, da ita dole ka haɗa sifika daban.

Ɓangaren yara kuma, makirfon laftof na wanda yake kusa ne. Yaron da yake benci na shida in ya yi tambaya baƙo gunaguni kawai zai ji. Maganin da na samu mai sauƙi ne, kujera ɗaya nake ajiyewa gaban laftof, muna ce mata kujerar tambaya, duk mai magana sai ya taso ya zauna, ya faɗi sunansa na farko, ya yi tambayarsa ya koma. Abun mamaki wannan kujerar ta gyara tarbiyyar ajin fiye da bulala, don kowa yana son ya hau ta kuma ya san sai ya natsu za a kira shi. Lokacin da baƙo yake dogon bayani ka sa naku ɓangaren a miyut, wato ka kashe makirfonku. Fankar da take saitin laftof a kashe ta ko da ana zafi. Da damina kuma in rufin ajinku kwano ne babu silin, ka dubi sama kafin ka fara, in hadari ya haɗo gara a ɗage, ruwa a kan kwano ko kai da kake tsaye ba a jinka balle wanda yake wata ƙasa.

Inda za a ajiye me

Laftof a kan tebur a gaban aji, a ɗora shi kan littattafai ya kai daidai fuskar wanda yake zaune, ba yana leƙen hancin mutane daga ƙasa ba. Kar taga ko ƙofa ta kasance a bayan yara, in ba haka ba baƙo inuwoyi kawai zai gani. Majigi yana son duhu kyamara tana son haske, to ka rufe tagogin da suke kusa da bangon da ake haskawa ka bar sauran na gefe a buɗe. Gaskiya in akwai talabijin mai inci 43 ta fi majigi a ajinmu na nan da rana take shigowa ta ko'ina. Kuma laftof ɗin ya zauna a ƙarƙashin hoton ko dab da shi, don yara in suna kallon baƙo shi ma ya ga kamar shi suke kallo.

In babu majigi babu talabijin babu laftof, waya ɗaya da sifika sun isa. Ka kwantar da wayar a kwance ka jingina, yara su zo layi-layi su gaisa su ga fuskarsa, sauran darasin a ji da kunne.

Baƙon da yaran

Ka kira baƙon kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, daga cikin ajin, da kayan da za a yi amfani da su, minti 5 ya isa. Ka roƙe shi ya sa abun kunne mai makirfo, ya zauna inda haske yake gabansa, ba a mota ba. Ka faɗa masa shekarun yaran da inda suka tsaya a darasin da yaren da suka fi ganewa, don wasu 'yan uwanmu in sun daɗe a waje sai su manta cewa ɗan JSS1 ba ɗan jami'a bane. Ka ce masa kar ya wuce minti 10 yana magana bai tsaya ba. In yana da hotuna ko takardu ya turo maka tun jiya ka sauke, nuna su daga kwamfutarka ya fi sauƙi a kan ya yi ta laluben maɓalli yara suna dariya.

Lokaci ma a tantance shi da kyau, ka rubuta masa "ƙarfe 10 agogon Najeriya". Nijar, Chadi da Kamaru agogonmu ɗaya. Ghana tana bayanmu da awa 1, Sudan tana gabanmu da awa 1, Saudiyya da awa 2, Malesiya da awa 7. Ingila ita ce mai rikici, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya, sauran watannin suna bayanmu da awa 1. Ka kauce wa fiiriyod na dab da tara da na dab da tashi, da ranar Juma'a, hankalin yara yana waje.

Yaran kuma jiya-jiya zaka shirya su. Ka gaya musu wane ne zai zo, kowa ya rubuta tambaya ɗaya a takarda, ka karɓa ka tace ka zaɓi 6 ko 8. In baka yi haka ba tambaya ta farko "nawa ne albashinki?" ta biyu "ya ake samun biza?", ko kuma kowa ya yi tsit kamar ruwa ya cinye su, baƙo yana ta murmushi shi kaɗai. Ka raba aiki, monita ya riƙe agogo ya ɗaga hannu idan saura minti 5, ɗaya mai natsuwa ya zauna kusa da laftof yana kunna makirfo yana kashewa, ɗaya mai kyan rubutu yana sa muhimman kalmomi a allo. Ka koya musu cewa magana tana ɗan jinkiri kafin ta isa, in ka yi tambaya ka ƙirga ɗaya, biyu a zuci kafin ka sake cewa komai. Sallama kuma a yi ta sau ɗaya gaba ɗaya, in ba haka ba gaisuwa kaɗai zata ci rabin lokacin, mu kam kun san mu da gaisuwa.

Ranar kiran

Ka shiga aji minti 20 kafin lokaci ka haɗa komai, ka kunna wani sauti ka je bayan aji da ƙafarka ka ji ko yana kaiwa. Zoom yana da shafin gwaji, zoom.us/test, zai sa ka yi magana ya maido maka da muryarka. Ka kashe sanarwar WhatsApp da ta imel a kwamfutar, kar saƙon gida ya fito a bango gaban yara 60.

Da baƙo ya shigo ka gabatar da shi a taƙaice ka ba shi fili, amma kar ka koma bayan aji kana danna waya. Ajin naka ne har yanzu. Shi baya ganin wanda yake gyangyaɗi ko waɗanda suke tsokanar juna a lungu, baya ganin fuskokin da suka nuna an ɓace, kai ne idonsa. In ka ga an yi nisa ka ce "Likita, a ɗan dakata mana", ka juyo ka tambayi yara me suka gane, ka fassara kalmar da ta yi tsauri, sannan a ci gaba. Baƙo na kirki daɗin haka yake ji.

In hoto ya fara tsayawa murya tana karkarwa, kar ka tsaya jira, ka kashe kyamararku tukunna, in bai gyaru ba shi ma ya kashe tasa a ci gaba da murya. In duk da haka ne a koma kiran murya na WhatsApp, in shi ma ya ƙi kuma baƙon yana cikin ƙasa ka kira shi kira na kati ka sa a sifika. Minti 3 nake ba kowace matsala, in ta wuce haka na wuce mataki na gaba. Shi ya sa nake roƙon baƙo ya turo saƙon murya na minti 4 ko 5 tun jiya mai ɗauke da gundarin abun da zai faɗa, in komai ya ƙi sai mu saurara mu tattauna, yara su yi tambayoyinsu a naɗa a tura masa ya amsa da yamma.

Maganar naɗar bidiyo, ni bana yi sai in iyaye da baƙon duk sun yarda, kuma ko an naɗa a kwamfutar makaranta yake zama. Ka lura da malamin da zai zaro waya ya ɗauki yara ya sa a TikTok, ka hana shi tun kafin a fara, cikin raha amma ka hana.

Ka rufe kiran saura minti 5 a buga ƙararrawa, yara su yi godiya, ka tabbata ka danna wajen kammala taron ga kowa ba fita kawai ka yi ba. Minti 5 ɗin nan kowa ya rubuta abu biyu da ya koya da tambaya ɗaya da bai samu ya yi ba, ka karɓa, da daddare ka ɗauki hoton uku ko huɗu ka rufe sunayen ka tura wa baƙon. Waccan ma'aikaciyar jinyar da muka ɓata wa bacci ta sake dawowa bayan sati biyu, wannan karon na karɓe wayoyin malamai a bakin ƙofa. Kafin ka kwance igiyoyi ka duba ragowar datar ka rubuta nawa aka ci a bayan littafin shirin darasinka, da layin da ya yi aiki da tagar da aka ajiye wayar, don ranar da zaka je neman kuɗin data na gaba wajen mai makaranta abun da zai fara tambayarka kenan.